Katunan yaƙi na cikin cingam: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Tambayoyin nan dai su ne kullum, masu yin su ne kawai ke canzawa. Na tara su wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai mene ne ma katin cingam?

Ɗan kwali ne, zane a gaba, labari a baya. Kamfanonin cingam na Amurka ne suka riƙa cusa shi cikin takardar cingam don yara su dinga komawa kanti. A shekarun 1930 senti ɗaya ake sayar da cingam da katinsa. Iyakarta ke nan.

Na samu guda goma, nawa za su ba ni?

Ba hoto, ba lamba, ba sunan kamfani, ta ina zan sani, Malam? Kati biyu masu lamba ɗaya, wani ya yi kuɗin shayi, wani ya yi kuɗin babur. Bambancin yana kusurwa, da ko hoton ya zauna a tsakiya, da ko an taɓa lanƙwasa shi. Kuma in neman riba ce ta kawo ka, yawancin abin da ke yawo a hannun mutane gama-gari ne. An buga su da miliyoyi.

Wane jeri ne kowa ke magana a kai?

Horrors of War, na kamfanin Gum Inc. da ke Philadelphia, 1938. Mai kamfanin shi ne J. Warren Bowman. Da farko kati 240 ne, daga baya aka ƙara 48, suka zama 288. Yaƙe-yaƙe uku ya ɗauko: na Sin da Japan, yaƙin basasar Sifaniya, da mamayar da Italiya ta yi wa Habasha a 1935. Kati na 1 shi ne faɗan gadar Marco Polo, inda wutar Sin da Japan ta tashi a Yulin 1937. Ƙarin 48 ɗin ya taɓo rikicin Jamus da maƙwabtanta, kuma an buga su kaɗan, shi ya sa suka fi wuyar samu. Uku daga ciki, wato 277 da 283 da 286, suna ɗauke da Hitler, su ne masu tsadar. Na farko da na ƙarshe ma da wuya ka same su lafiya, don yara kan ɗaure katunansu da roba, na sama da na ƙasa su ke shan wahalar.

Mene ne R69 da ake rubutawa kusa da sunan?

Lambar rajista ce. Jefferson Burdick ne ya tsara ta a littafinsa American Card Catalog, harafin R kuma na katunan cingam da alewa ne. Tarin katunansa yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Ka koyi lambobin, su 'yan gwanjo ke amfani da su.

Ana iya tauna cingam ɗin in an samu kunshin da ba a buɗe ba?

A'a. Kuma kar ka buɗe kunshin, darajarsa a rufe take.

Na sayi tsohon albam, an manna katunan da gam a kan takarda. In jiƙa su in ɓamɓare?

To, nan ne ba zan ba ka amsa guda ba, don ya danganta da abin da aka manna da shi, kuma sau da yawa ba za ka gane ba sai ka gwada.

Yaran wancan zamani galibi da ƙullin fulawa ko sitaci suke manna abu. Irin wannan ruwa na narkar da shi. In haka ne, akwai masu sa shafin cikin tataccen ruwa mai ɗan ɗumi, su bar shi har takardar ta saki da kanta, sannan su shimfiɗa katin tsakanin farar takarda mai tsotse ruwa, su ɗora littattafai masu nauyi, suna canza takardar har ya bushe sarai. Wani lokaci yakan fito tsaf. Amma in gam ɗin roba ne, ko salatif, ruwa ba zai yi masa komai ba, sai dai ka jiƙa kati a banza. Alamar gam ɗin roba ita ce tabo mai ruwan ƙasa da ya ratso kwalin. In ka ga wannan, ka haƙura.

Ko da sitacin ne ma, ba a gama ba. Kwalin katin ba falle ɗaya ba ne, yana iya rabuwa daga kusurwa in ya daɗe a ruwa. Idan yaron ya rubuta sunansa da tawada a baya, ko a shafin albam ɗin, tawadar za ta zuba ta rine hoton. Ƙyallin fuskar katin ma yana iya dusashewa. Ni dai katunan kamfanin cingam na Topps na shekarun 1960 ba na kai su kusa da ruwa ko kaɗan. Na shekarun 1930 su aka fi cewa suna jurewa, amma ba zan yi maka rantsuwa a kan naka ba.

Saboda haka, in ka nace, fara da mafi lalacewa a cikin albam ɗin, wanda kana da irinsa biyu. Kar ka ja, kar ka sa reza, kar ka kankare da farce. Da zarar fatar bayan katin ta bi takardar, rubutun ya tafi, kuma masu tantancewa irin su PSA da SGC, da ke ba da maki daga 1 zuwa 10, can ƙasa za su jefa shi. Dutsen guga da bilic kuwa, kar ma in ji. Sannan akwai batun amana: masu tara kati ba su haɗu a kan ko jiƙawa gyara ce ko ha'inci ba. Wasu na ganin ruwa zalla ba laifi, wasu ba sa so sam. In za ka sayar, faɗa wa mai saye ka jiƙa, ya zaɓa da kansa.

Wani abin da ba a cika tunawa ba: albam ɗin da yaro ya jera da hannunsa a 1938 shi ma kayan tarihi ne. In cikakke ne kuma shafukan ba su ruɓe ba, ni da zan bar shi yadda yake. In kuma akwai kati mai lamba 283 a ciki, kar ka yi gwaji a kansa, nemi ƙwararren mai gyaran tsofaffin takardu.

Ta yaya zan gane jabu?

Awo tukuna. Horrors of War inci 2½ ne da 3⅛. Girman da aka saba gani yau, 2½ da 3½, sai a 1957 Topps ta tsayar da shi. In kati ya gaza awonsa, wataƙila an yanke gefensa don kusurwa ta yi kaifi. Sai ka sa gilashin ƙara girma a kan baƙin rubutu: na asali baƙi ne sumul, na kwafi ɗige-ɗige ne masu launi. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita ma tana taimakawa, don takardar kafin 1950 ba ta walƙiya a ƙarƙashinta. An sake buga jerin daga baya, kuma wannan ba laifi ba ne, sai in an shafa masa shayi an ce maka na 1938 ne.

Wannan ba ɗaukaka yaƙi ba ne? Jini fa ake nuna wa yara.

Kwantar da hankalinka, ba kai ka fara faɗa ba. A bayan katunan Horrors of War akwai jimlar da ke cewa sanin bala'in yaƙi shi ne son zaman lafiya, amma kowa ya san jinin ne ke sayar da cingam ɗin. Freedom's War na Topps, 1950, a kan yaƙin Koriya, ya sha suka daga iyaye. Red Menace na Bowman, kati 48 a 1951, farfaganda ce tsagwaronta a kan kwaminisanci. Ka karanta bayansu a matsayin abin da aka so yaran Amurka su yarda da shi. Kar ka ɗauke su littafin tarihi.

Ni sabo ne, da wanne zan fara?

Civil War News na Topps, a kan yaƙin basasar Amurka, 1962, kati 88, da yawansu zanen Norman Saunders. Ko Battle na 1965, kati 66. Kamfanin A&BC ya fitar da irinsu a Ingila, girmansu ya ɗan bambanta, kar ka gauraya. Mai son jiragen sama ya nemi Wings, kati 200. Ka kammala ƙaramin jeri ɗaya kafin ka ɗaga kai ka dubi mai kati 288.

A ina zan ajiye su?

Kowane kati da 'yar ledarsa wadda ba ta PVC ba, a akwati mai murfi, nesa da rana. Ba ƙarƙashin katifa ba, ba jikin bango ba, don danshin damina na kawo fumfuna, gara kuma ba ta san 1938 ba. Ka cire robar da ka ɗaure su da ita yau ɗin nan.