Waiwaye: yadda mutanen gari suka shiga ƙirgar kifi da murjani a ƙasan teku

Mu nan Marwa in aka ce murjani abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne jan dutsen wuyan nan da kakanninmu mata ke ɓoyewa a ƙasan adaka, ba ya fitowa sai ranar biki. Ni dai har na girma ina zaton dutse ne kawai, ashe wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu rai ke gina shi a cikin teku. Irin jan nan na wuya yawanci daga Bahar Rum yake fitowa, amma yana da dangi a ruwa mai ɗumi mara zurfi waɗanda su gari guda suke ginawa, na gaɓar Ostireliya kaɗai tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Duk ka haɗa su ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a nan suke ci suke haihuwa. Za ka ce to ina ruwanmu, mu da teku sai a tele ko in mutum ya je Kribi. Yi haƙuri dai zan zo wurin.

Kafin shekarun 1990 masana suna nazarin waɗannan tuddan murjani amma kowa da salon awonsa kowa da ɗan gefen da yake dubawa, har a wani taro da aka yi a Miami a 1993 aka rasa mai iya faɗin halin da murjanin duniya ke ciki baki ɗaya, don masanan ba su da yawa kuma teku ba gonar mutum ba ce da zai zagaye da safe. Daga nan ne wani masani mai suna Gregor Hodgson ya kafa wata ƙungiya mai suna Reef Check a 1996, dabararsa kuwa mai sauƙi ce, tunda ga dubban mutane suna nutso don nishaɗi, a koya musu ƙirga mana. A 1997 suka yi zagayen farko a ƙasashe 31, abin da suka tarar ya tayar da hankali, manyan kifaye masu tsada sun yi ƙaranci hatta a wuraren da ake ganin sun yi nisa da mutane.

Yadda suke aikin shi ne ya fi burge ni. Ana shimfiɗa igiyar awo mai mita 100 a ƙasan ruwa, a raba ta gida huɗu kowanne mita 20, a bar tazarar mita 5 tsakani. Mutum yana tafe a hankali da ɗan allon roba da fensir a hannu, ba a ce ya san duk kifin teku ba, 'yan kaɗan aka zaɓa masa waɗanda rashinsu ko yawansu ke tona asirin wurin, in babu wani babban kifi to an cika kamu, in wani tauraron ruwa mai ƙaya da ke cin murjani ya yi yawa to akwai matsala. Wani kuma yana bin igiyar duk rabin mita ya rubuta me ke ƙasa, murjani mai rai ne ko matacce ko yashi ko gansakuka. Baɗi a dawo wuri ɗaya a sake yi iri ɗaya. Shi ke nan fa, ba wani tsafi.

Sai ga 1998, ruwan teku ya yi zafin da ba a saba gani ba. Shi murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a cikin jikinsa, su ke ba shi abinci su ke ba shi launi, to in zafi ya haura na kullum da ko digiri 1 ne ya yi makonni a haka sai ya kore su, ya koma fari fat kamar ƙashi, in abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. A shekarar aka kiyasta kusan kashi 16 cikin 100 na murjanin duniya ya mutu. Ya sake faruwa a 2010, sannan daga 2014 zuwa 2017, a Afrilun 2024 kuma hukumar NOAA ta Amurka ta tabbatar da karo na huɗu. Wurin da aka taɓa ƙirgawa kafin zafin shi ne ake iya cewa ga abin da aka rasa, inda ba a ƙirga ba kuwa sai dai musu.

Bayan nan abin ya yi ta sauƙaƙa. Jami'ar Queensland ta fito da CoralWatch a 2002, ɗan kati ne mai launuka daga mai duhu zuwa mai haske, ka kara shi jikin murjani ka rubuta lamba, yaron lekol ma zai iya. Daga 2020 kuma a Ostireliya masu jiragen yawon buɗe ido ke ɗauko hotuna a zuba a intanet, kowa ya taya tantancewa, kana zaune a Kusuri ko Injamena in kana da data za ka iya.

Amma ba zan ɓoye ba, akwai abin da ke min ciwo a labarin. Da yawan 'yan sa kan nan na farko baƙi ne masu kuɗin jirgi da kayan nutso, su zo su ƙirga su tafi da alƙaluman, masuncin da ya shekara arba'in a kan ruwan shi ne mai tuƙa musu jirgi. Kuma ƙirga ba ta sanyaya teku, wani rahoto da ya fito a 2021 ya nuna an sake rasa kashi 14 cikin 100 na murjanin duniya tsakanin 2009 da 2018 alhali ana ta ƙirgawa. Inda na ga ta yi amfani sosai shi ne inda masu wurin suka riƙe alƙalamin da kansu. A ƙauyen Andavadoaka na Madagaska, a 2004 masunta suka rufe wani yanki na 'yan watanni suka hana kama oktopus, halittar nan mai hannu takwas, da aka buɗe sai ga manya-manya a kan sikeli kowa yana gani da idonsa, maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da wani soja ya tsaya musu a ka ba.

To ka ga inda na dosa. Mu ba mu da murjani amma muna da baraj ɗin Maga tun 1979 da na Lagdo tun 1982, ga Lagone ga tafkin Cadi da a 1963 ya kai murabba'in kilomita 25,000 kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi 90 cikin 100 nasa. Faɗin ruwa dai tauraron ɗan Adam yana ganinsa daga sama, amma girman karfasa da tarwaɗa da ke sauka bakin ruwa kowace safiya ba ya gani, ma'aikatan kiwo da kamun kifi suna nasu ƙoƙarin amma su nawa ne, mashigai nawa ne.

Da sallar da ta wuce na je Maga wajen kawuna, tsohon masunci ne, muna zaune yana gyaran taru na ce Kawu wai da gaske kifi ya ragu ko dai tsufa ne. Ya harare ni ya ware hannuwa biyu ya ce ɗan nan giwan ruwa irin wannan mun sha ɗaukowa mu biyu da kyar, yanzu je ka duba kwandon can abin da yara suka kawo ko tafin hannu bai cika ba. Na ce wace shekara ce rabonku da irinsa, ya yi shiru can ya ce shekarar da ruwa ya ci gonar maƙwabcinsa. Ruwa kuwa ya ci gonar nan ya fi sau uku.

Kafin in taho na sayi kaye da bik na ba jikansa mai shekara 14, muka zana santimita a jikin wani katako da wuƙa, na ce kullum in jirgin gidan ya dawo ya ɗauki kifi goma na farko ya auna ya rubuta suna da tsawo da kwanan wata. Jiya ya turo min hoton shafin ta WhatsApp, kwana 19 ya cike, ranakun kasuwa duk ya tsallake su, a gefe kuma da wani rubutu daban an ƙara sunan wani kifi da ya rubuta ba daidai ba, ya ce wai Kawu ne ya sa yayarsa ta gyara.