Noman lambu a birnin Yamai

Noman lambu a birnin Yamai shi ne noman kayan miya, ganyaye, shinkafa da itatuwan marmari da ake yi a cikin babban birnin Jamhuriyar Nijar da ƙauyukan da ke manne da shi, galibi da ban ruwa daga kogin Isa, wato kogin Neja, ko daga rijiyoyi. Yamai ta zama fadar gwamnati a 1926, kuma a ƙidayar 2012 jama'arta sun haura miliyan ɗaya. Gero da masara da mafi yawan shinkafar da garin yake ci daga nesa suke zuwa. Amma ganyen da ba ya jure tafiya, irin su salati, alayyahu, yakuwa da ɗanyen zogale, yawancinsa a bakin garin ake tsinkarsa da asuba, kafin azahar ya shiga tukunya.

Ruwa da lokutan shekara

Ruwan sama a Yamai bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran watanni takwas, duk wani kore da ido zai gani a garin, hannun mutum ne ya shayar da shi.

Kogin Isa yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajajen Agusta da Satumba, lokacin da ƙananan kogunan Gorouol da Dargol da Sirba suke kwararo masa ruwa daga ɓangaren Burkina Faso. Ruwan yakan zo ja wur saboda ƙasar da ya kwaso, kuma da gaggawa yake zuwa. Cika ta biyu ruwan duwatsun ƙasar Gini ne, wanda yake daɗewa yana ratsa fadamun ƙasar Mali, sai wajajen Disamba zuwa Fabrairu ya iso Yamai a hankali. Wannan ta biyun ita ce gatan masu lambu, domin tana dacewa da lokacin ɗari, lokacin da salati da kabeji da karas da tumatir suka fi yin kyau. Daga Maris zafi yake kamawa, ruwa ya yi ta janyewa har Mayu da Yuni, mai lambu ya riƙa ƙara tsawon tiyo yana bin sa. A 1985 kogin ya kai ga daina gudu a daidai Yamai, abin da dattawan bakin ruwa ba su manta ba har yau.

Inda ake noman

A gaɓar hagu, inda tsakiyar birni yake, lambuna sun bi bakin kogi daga Goudel da Yantala zuwa Gamkalé da Saga. A gaɓar dama, wato Harobanda, akwai na Lamordé, Nogaré, Kirkissoye da Saguia. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ce ta fara haɗa wannan gefen da kasuwannin cikin gari, sannan gada ta biyu ta biyo a 2011, ta uku a 2021. Wuri na uku shi ne kwarin Gounti Yéna, koramar da ta raba gaɓar hagu gida biyu kafin ta faɗa kogi. Ruwan ƙasa a can kusa yake, haƙa kaɗan ake yi a same shi, shi ya sa lambuna suka cika kwarin a tsakiyar gine-gine.

Shinkafa kuwa a filayen da gwamnati ta gyara ake nomanta, kamar na Saga da Kirkissoye, da na Liboré da N'Dounga a kan hanyar Kollo. Manyan injuna ne suke ɗebo ruwa daga kogi su zuba a magudanai, ana girbi sau biyu a shekara. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke kula da gine-ginen ban ruwan, amma tun farkon shekarun 1980 tafiyar da filayen ya koma hannun ƙungiyoyin manoma. Kowane magidanci yana riƙe da ɗan yanki, yawanci rubu'i zuwa rabin hekta, yana biyan kuɗin ruwa bayan kowane girbi.

Akwai kuma dajin da aka fara dasawa a 1965 domin ya kewaye garin ta arewa da gabas ya tare iska da ƙura, mai faɗin kimanin hekta 2,500. Da damina masu gonaki suna shuka gero da wake a tsakanin itatuwansa. Gidaje da rumfuna sun cinye babban ɓangare daga cikinsa.

Tarihi a taƙaice

Mazauna bakin kogi sun daɗe suna shuka albasa da taba da kabewa a inda ruwa ya janye. Salati da kabeji da karas kuwa a zamanin mulkin Faransa suka yaɗu, da farko don teburin Turawa da ma'aikata. Abin da ya mayar da sana'ar ta kowa da kowa shi ne fari. Bayan yunwar 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta yi yekuwar noman rani a duk faɗin ƙasa, mutanen karkara da fari ya koro zuwa Yamai kuma da yawansu a bakin ruwa suka sami abin yi. A yau masu lambun sun haɗa da Zabarmawa masu asalin filayen, Hausawa, da baƙi daga Burkina Faso waɗanda suka yi suna wajen iya aikin.

Yadda aikin yake

Lambun cikin gari ƙarami ne, wani bai fi filin gida ɗaya ko biyu ba. Ana yanka shi fangali-fangali, a bar ƴar siririyar hanya a tsakani wadda ƙafa ɗaya kawai take bi. A gefe guda ake yafa iri a rufe da ciyawa, in ya yi makonni uku ko huɗu a cire a dasa da yamma, lokacin da rana ta yi sanyi. Salati bayan dashe wata guda ko ɗan fiye ya isa sayarwa, shi ya sa ƙaramin manomi yake son sa: kuɗinsa ba ya daɗewa a ƙasa.

Ban ruwa shi ne wahalar sana'ar. Wanda ba shi da inji yakan sauka bakin kogi ko ramin da ya haƙa da butocin ban ruwa biyu, ɗaya a kowane hannu, ya cika, ya hau, ya zazzaga, ya koma, tun kafin fitowar rana, da la'asar kuma ya maimaita. A watan Afrilu fangalin da aka tsallake yini ɗaya ya tafi ke nan. Mai ɗan hali yana sayen ƙaramin injin fetur, wasu ma sun mayar da nasu mai aiki da iskar gas don rage tsada. A manyan gonakin bayan gari rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana suna ƙara yawa.

Taki daga cikin garin yake fitowa. Masu amalanke suna kwaso kashin shanu da na tumaki da na kaji daga gidaje da kasuwannin dabbobi su kai lambu, lambu kuma ya mayar wa masu kiwo harawa da ganyen dankali da burgu, ciyawar kogin da ake yanka ana sayarwa ɗauri-ɗauri. Ragunan da ake turkewa a gidajen Yamai don layya da wannan abinci suke ƙiba.

Zogale ya cancanci a ware shi. A Yamai ba kayan marmari ba ne, abinci ne: a dafa shi a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, ko a cakuɗa shi da dambu. Da azumi buƙatarsa takan hau sosai. Itacen yana jure zafin da yake kashe salati, kuma bayan makonni kaɗan da yanka yake sake tohowa, don haka shi ne yake riƙe iyalai da yawa a bazara. Ƙauyen Sarando da ke gaɓar dama ya shahara da nomansa.

Ciniki

Maza ne suka fi yawa a fangali, amma ciniki na mata ne. Mai sari takan zo lambu da kanta, ta duba, su daidaita a kan fangali guda, ta tuge da hannunta ta loda a kwano ko buhu. Sau da yawa bashi take ɗauka, sai ta sayar ta dawo ta biya, kuma amana irin wannan takan yi shekaru tsakanin mutum biyu. Daga nan kayan suke watsuwa zuwa kasuwannin Katako da Wadata da na unguwanni, da hannun masu talla a bakin titi. Ƙaramar kasuwar tsakiyar gari, wadda a da ita ce cibiyar kayan miya, gobara ta cinye ta a 2012.

Farashi yana bin yanayi. A Janairu da Fabrairu kowa yake girbi lokaci guda, tumatir ya yi araha har ya ruɓe a hannun mai shi, don babu isassun wuraren adanawa. Da damina kuma ya yi wuya, sai an shigo da shi daga ƙasashen maƙwabta. Lambunan Yamai ba su taɓa wadatar da garin su kaɗai ba: albasa daga jihar Tawa take zuwa, musamman ta Galmi, dankalin Turawa kuma daga Bonkoukou da Agadas.

Matsaloli

Ta farko ita ce tsabtar ruwa. Yamai ba ta da cikakken tsarin tace ruwan da gidaje da wuraren aiki suke zubarwa, kuma wani sashe nasa Gounti Yéna yake bi zuwa kogi. Wasu masu lambu da shi suke ban ruwa, don yana nan rani da damina kuma ganye yana yin kore da shi. Haɗarin yana kan abin da ake ci ɗanye, musamman salati, da kuma kan mai lambun da yake yini ƙafarsa a ciki. Ɗora masa laifi shi kaɗai ba adalci ba ne, tunda ba shi ya gurɓata ruwan ba.

Ta biyu magungunan ƙwari ne. Da yawa a kasuwa ake sayensu ba tare da izinin hukuma ba, bayanin da ke jikin kwalbar kuma cikin harshen da mai fesawa ba ya karantawa. Tsutsar tumatir mai suna Tuta absoluta, wadda ta ɓulla a Nijar wajajen 2013, ta sa feshi ya ƙaru.

Ambaliya ta zama baƙuwar da ake tsammani. An yi ta a 2010 da 2012, sannan a Satumban 2020 kogin ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shingayen kariya, ya shanye gonakin shinkafa da lambuna da unguwanni. Yashin da koramu suke zubawa yana cike cikin kogin, ruwan ya rasa wurin zama. Madatsar Kandadji, wadda aka aza harsashinta a 2008 domin daidaita gudun kogin, ta daɗe ba a kammala ta ba. A wasu wurare dorina ma takan fito da dare ta tattake shuka.

Amma babbar matsalar ita ce ƙasa. Da yawa daga cikin masu aikin ba su ne masu filin ba: aro ne ko haya, da baki aka ƙulla, babu takarda. Wanda bai san ko baɗi yana nan ba, ba zai gina rijiyar siminti ba, ba zai dasa mangwaro ko lemo ba. Filin bakin kogi kuwa kullum daraja yake ƙarawa, ranar da magada suka sami mai saye sai a ce wa mai lambu ya kwashe kayansa. Dokar filayen karkara ta 1993 ta tanadi hanyoyin tabbatar da haƙƙin manomi, amma a cikin birni yankan filayen gini ne yake rinjaye, ana kallon lambu a matsayin fili mai jiran bulo. Wannan kuskure ne mai tsada, domin kwarin da aka cike da gidaje shi ne dai hanyar ruwa in damina ta yi ƙarfi. Mai lambun da aka tasa yakan koma bayan gari, inda ruwa yake da zurfi kuma sai mai jari yake iya haƙa, ya zama ɗan ƙwadago a gonar wani ɗan kasuwa ko babban ma'aikaci.

Ƙungiyoyi da cibiyoyi

Masu lambu suna da tarayyar ƙungiyoyinsu ta ƙasa, FCMN-Niya, wadda aka kafa a 1996, manoman shinkafa kuma suna da FUCOPRI. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana aiki a kan iri da cututtukan shuka, haka ma tashar cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, da ke Sadoré kudu da Yamai, inda aka gwada ban ruwa na ɗigo don ƙananan lambuna. Haɗakar majalisun manoma, RECA, tana ba da shawara ta wayar tarho da WhatsApp cikin Hausa da Zabarmanci, inda manomi zai aika hoton ganyen da ya lalace a gaya masa ciwon da kuma maganin da aka yarda da shi.