Shin Rigakafin da Bai Hana Kamuwa Ba Yana Ƙara wa Ƙwayar Cuta Ƙarfi? Tambayoyi da Amsoshi

Tun daga lokacin annobar korona, akwai maganar da take yawo a majalisu da wayoyin jama'a a Kano, cewa allurar rigakafin da ba ta hana mutum kamuwa da cuta ita ce take horar da ƙwayar cutar har ta rikiɗe ta fi da muni. Maganar tana da tushe a binciken kimiyya, saboda haka bai dace a yi fatali da mai yin ta ba, balle a garin da bai manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Matsalar ita ce galibi rabin labarin ake kawowa, a bar rabin da ya fi shafar mu.

Me ake nufi da rigakafin da bai cika ba?

Ayyuka uku ake fata rigakafi ya yi: ya hana ƙwayar cuta samun gurbi a jiki, ya hana ciwo tsananta idan ta shiga, ya kuma hana wanda ya kamu harba wa wani. Allurar ƙyanda tana kusa da cika dukkan ukun, domin wanda aka yi wa sau biyu yana samun kariya ta kimanin kashi 97 cikin 100. Amma akwai rigakafin da aiki na biyu kawai yake yi da kyau. Allurar shan inna da ake yi a jiki, wadda Jonas Salk ya samar aka fara amfani da ita a 1955, tana kare yaro daga shanyewar ƙafa, amma ƙwayar tana iya zama a hanjinsa ta fita a bayan gida ta kai ga wani. Irin wannan shi masana suke kira rigakafi mai yoyo.

Rigakafin ne yake sa ƙwayar bairus ta sauya kama?

A'a. Bairus ba ta hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin jikin mai rai ta kwafi kanta, kuma a wajen kwafar ne ake samun kurakurai, ko an yi rigakafi ko ba a yi ba. Yawancin kurakuran ba sa amfanar ta da komai, wasu ma nakasa ta suke yi, amma jifa-jifa akan sami wanda zai ba ta damar kuɓuce wa garkuwar jiki. Aikin garkuwa a nan irin na rariya ne: ba ita take ƙirƙirar tsaki ba, sai dai ita take tantance abin da zai wuce da wanda zai tsaya. Garkuwar da mutum ya samu bayan ya yi jinya ya warke ita ma wannan tankaɗe take yi. Ƙwayar murar infuluwenza ta daɗe tana sauya kama a tsakanin al'ummomin da ba sa yin allurarta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, domin sabunta abin da za a haɗa allurar da shi.

To daga ina maganar ƙara wa cuta muni ta samo asali?

A shekarar 2001 wasu masana huɗu, Sylvain Gandon, Margaret Mackinnon, Sean Nee da Andrew Read, suka wallafa wani lissafi a mujallar Nature. Abin da suka ce shi ne, ƙwayar cutar da ta cika zafi tana cutar da kanta, domin idan ta kashe wanda take jikinsa kafin ya harba wa wasu, to tare za a binne su. Mutuwar majinyaci ita ce takunkumin da yake hana nau'i mafi zafi yaɗuwa. Idan kuwa aka kawo rigakafin da zai raya majinyacin amma bai hana shi yaɗa ƙwayar ba, an cire wannan takunkumi ke nan, kuma nau'in da a da yake hallaka kansa zai sami damar yawo.

An taɓa ganin hakan a zahiri?

An gani a jikin kaji, kuma a nan ya kamata masu gidajen gona na Kumbotso da Gezawa su saurara da kyau. Cutar Marek, wadda wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari mai suna József Marek ya fara bayyanawa a 1907, tana shanye jijiyoyin kaza ta kuma haifar da ƙari a hanta da saifa. Mai kiwo yakan gane ta idan ya tarar da budurwar kaza kwance, ƙafa ɗaya ta miƙe gaba ɗaya ta miƙe baya, tana kallon abinci ba ta iya isa gare shi. Ƙwayar tana fita ne daga tushen gashin kaza, ta bi ƙurar ɗaki, sauran kajin su shaƙa.

Wajajen 1970 aka fara yi wa kaji rigakafinta da wata ƙwaya 'yar uwarta da aka samo daga talo-talo, asarar manoma kuwa ta ragu ƙwarai. Sai dai rigakafin yana hana ciwo ne kawai, kazar tana kamuwa kuma tana ci gaba da zubar da ƙwayar. Bayan wasu shekaru nau'o'i masu zafi suka bayyana a Amurka, aka koma haɗa rigakafi biyu a shekarun 1980, daga baya aka koma ga wanda ake kira Rispens, wanda aka samar a ƙasar Holan.

A 2015 Andrew Read na Jami'ar Jihar Pensilbaniya da Venugopal Nair na Cibiyar Pirbright ta Ingila da abokan aikinsu suka wallafa gwajin da ya tabbatar da hasashen. Nau'o'in da suka fi zafi sun kashe 'yan tsakin da ba a yi wa rigakafi ba cikin kwana goma, kafin ƙwayar ta fara fita sosai daga gashinsu. Waɗanda aka yi wa rigakafi kuwa sun rayu, suka yi ta zubar da ita, har kajin da aka zuba tare da su ba tare da kariya ba suka kamu suka mutu.

Ashe ke nan rigakafin ya yi ɓarna?

Wannan hukunci ya wuce abin da gwajin ya nuna. Ya nuna cewa rigakafi mai yoyo yana iya bai wa nau'i mai zafi damar wanzuwa, amma masu binciken da kansu sun ce bai tabbatar da cewa shi ne ya haifar da zafin tun asali ba. Cutar ta fara tsananta tun a shekarun 1950 da 1960, kafin rigakafin, daidai lokacin da aka koma tara dubban kaji a ɗaki ɗaya ana yanka su cikin 'yan makonni, kuma ƙwayar da ta tarar da kaji masu gajeren kwana ba ta yin wata asara idan ta yi gaggawar kisa. Haka kuma wani gwaji da masanan Cibiyar Roslin ta Sukotland da na ma'aikatar noma ta Amurka suka wallafa a 2020 ya nuna cewa kajin da suka ɗauki cutar daga waɗanda aka yi wa rigakafi sun fi samun sauƙi a kan waɗanda suka ɗauka daga marasa rigakafi, saboda ƙwayar da ta isa gare su ba ta da yawa. Abin da nake ganin ya fi cancantar a riƙe shi ne, a duk waɗannan gwaje-gwaje wadda ba a yi wa rigakafi ba ita take mutuwa.

A jikin ɗan Adam fa?

Dole a raba abu biyu: ƙwaya ta kuɓuce wa rigakafi daban, ta ƙara zafin kisa daban. An ga na farko. A 1990 an ba da rahoton wani nau'in ƙwayar ciwon hanta rukunin B a Italiya wanda yake zille wa allurar, amma bai mamaye duniya ba, allurar kuma tana aiki har yau. Na biyun kuwa ba a tabbatar da shi a kan wani rigakafin bairus na mutane ba. Allurar ƙyanda tana aiki tun 1963, ta agana kuma ta kai ga shafe cutar daga doron ƙasa a 1980.

David Kennedy da Andrew Read sun kawo dalilai biyu a 2017 da suka sa ƙwayoyin cuta suka fi saurin bijire wa magani a kan rigakafi. Magani yana zuwa ne bayan ƙwayar ta riga ta hayayyafa ta cika jiki, rigakafi kuwa yana tarar ta tun tana 'yar kaɗan. Sannan magani wuri ɗaya yakan kama a jikinta, alhali garkuwa tana kai mata hari ta wurare da dama a lokaci guda.

Ba allurar korona ce ta haifar da sababbin nau'o'inta ba?

Kwanakin wata ba su goyi bayan haka ba. An gano nau'in Alfa a Ingila a samfurin watan Satumba na 2020, Beta a Afirka ta Kudu da Delta a Indiya su ma a ƙarshen shekarar, alhali ba a fara yi wa jama'a allurar a Ingila ba sai 8 ga Disamba, a Najeriya kuwa sai Maris na 2021. Omikron da ya ɓulla a Nuwamba 2021 ya ƙware wajen zille wa garkuwa, ta allura da ta jinya baki ɗaya, amma bai fi Delta kisa ba. Bayanin da masana da yawa suka karkata gare shi shi ne irin waɗannan nau'o'i suna tarin sauye-sauyensu ne a jikin masu raunin garkuwa, inda ƙwayar take shafe watanni ba ta fita ba.

Shan innar da ake cewa ta samo asali daga rigakafi fa?

Wannan gaskiya ne, kuma ya fi kowane misali kusa da mu, ko da yake hanyarsa daban ce. Ɗigon da ake yi wa yara a baki yana ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana. Idan yawancin yaran unguwa sun karɓa, ƙwayar ba ta samun inda za ta je. Idan kuwa kaɗan ne suka karɓa, sai ta riƙa bin magudanan ruwa daga yaro marar kariya zuwa wani na tsawon watanni, har ta dawo da ƙarfin shanye ƙafa. Ɓarkewar irin wannan a arewacin Najeriya ta fara ne a 2005, jim kaɗan bayan dakatar da rigakafin da aka yi a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004. Da aka dage da ɗigon, shan inna ta asali ta yi bankwana da jihar, yaro na ƙarshe da ta kama shi ne na Sumaila a Yulin 2014. Domin magance mai rikiɗar aka samar da sabon ɗigo wanda ya fi wuyar komawa mai cutarwa, kuma a Najeriya aka fara amfani da shi a Maris na 2021.

Wane mataki ya dace a ɗauka?

Hukumomi su ci gaba da bibiyar ƙwayoyin da suke yawo, kamar yadda ake ɗibar ruwan kwatami a Kano tun 2011 ana neman ƙwayar shan inna, masu haɗa rigakafi kuma su riƙa auna ko yana hana yaɗuwa bayan hana ciwo. Iyaye su kammala wa yaro duk alluran da ke katinsa, domin kariya rabi-rabi a cikin unguwa ita take bai wa ƙwaya filin yawo.

Mai kiwon kaji kuwa ya tabbatar an yi wa 'yan tsakinsa allurar Marek tun a wurin ƙyanƙyasa, ya raba su da manyan kaji a makonnin farko, ya kwashe ƙura da gashi ya wanke ɗaki kafin ya zuba sababbi. Kada ya raba kwalbar rigakafi, irin ta Lasota ko Gumboro, ta kaji 200 ga kaji 500 don neman sauƙi, kada kuma ya yi amfani da wadda ta kwana a firijin da wuta ta ɗauke ko wadda aka ɗauko daga kasuwa cikin rana ba ƙanƙara, domin irin wannan rigakafin ba ya kare kazar da aka ba, ba ya kuma hana ta harbin na kusa da ita.