Waiwaye: yadda lissafin kuɗi ya shiga karatun kifi

Duk sanda yaro ya ce jami'a ta ba shi Fisheries, wato karatun harkar kifi, sai ka ji 'yan gida suna cewa to yanzu kamun kifi ma sai an je makaranta? Wallahi abin na min ciwo, don karatun nan yana da tarihi.

Da can Sarkin Ruwa ne ke da doka, shi zai ce an rufe ruwa kaza sai kifi ya girma kuma ba mai ja da shi, har yau ma haka ake a Matan Fada ta Argungu. A Kainji boko ya shigo ne da aka gama dam ɗin a 1968, aka fara binciken tafkin da taimakon FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zama cibiya a New Bussa a 1975, a 1987 aka sa mata sunan da take da shi yanzu wato NIFFR, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Amma a farko yawanci kifin kansa ake karanta, me tarwaɗa ke ci, yaushe ƙarfasa ke ƙwai, masuncin da aljihunsa suna gefe.

Alhali tun 1954 wani ɗan Kanada H. Scott Gordon ya rubuta cewa ruwan da ba shi da mai shi kowa zai ta zuba kwalekwale da kalli har ribar ta ƙare ƙaf, don in ka bar kifi yau maƙwabcinka ne zai kama gobe. Su ma Kanadan ba su ji ba sai da kifinsu na Newfoundland ya ƙare aka rufe kamun a 1992.

Mu a Kainji muka gani. Ragar dala mai ƙananan idanu tana kwashe har 'ya'yan kifi, a shekarun 1990 Jamusawa suka shigo da wani shiri aka kawo lasisi aka hana dala, sai tambaya ta taso, wanda ya zuba jarinsa a dala da yaran da ke ja masa me za su ci? Wannan ba ilimin halittu ne zai amsa ba, lissafi ne da iya zama da mutane.

Yanzu BUK da Danfodiyo da Unimaid duk suna da sashen, shekara biyar ake yi, sai dai na lura ɗalibai hankalinsu na kan kiwon tarwaɗa a tanki. Ni so nake in ga masu bin banda daga Doron Baga har Onitsha suna ƙirga nawa ke komawa hannun masunci.