Waiwaye: Yadda Zawarcin 'Yan Wasa Ya Koma Kasuwa a Jami'o'in Amurka

A watan Afrilun 2025, Nico Iamaleava, ɗan wasan da ke jan ragamar kai hari a ƙungiyar zari-ruga ta Jami'ar Tennessee, ya ƙi zuwa atisaye ana tsaka da raɗe-raɗin cewa ana ja-in-ja kan kuɗinsa. Ba a ɗauki lokaci ba kocinsa Josh Heupel ya sanar cewa sun raba gari, yaron ya tattara ya koma jami'ar UCLA da ke Los Angeles. Magoya baya suka yi masa ca, wasu na kiransa maci amana, wasu na cewa kwaɗayi ya rufe masa ido. Da yawa cikinsu kuwa su ne suka yi ta murna a 2022, lokacin da rahotanni suka ce wata ƙungiyar masu hannu da shuni da ke goyon bayan Tennessee ta ƙulla da shi yarjejeniyar da za ta iya kaiwa dala miliyan 8, alhali bai ma gama sakandare ba.

Wasan da ake magana a kai shi ne zari-ruga irin ta Amurka, wadda su can suke kira ƙwallon ƙafa. Babbar gasar ƙwararru ta NFL ba ta da makarantun renon yara kamar na kulob-kulob ɗin Turai, kuma ba ta ɗaukar kowa sai ya yi shekara uku da barin sakandare. Jami'a ce hanyar, kusan ita kaɗai. Filin Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, a 2022 kuma rukunin jami'o'i na Big Ten ya sayar da haƙƙin nuna wasanninsa a talabijin kan kusan dala biliyan 7 na shekara bakwai. Duk wannan dukiya ta rataya ne a kan abu ɗaya: wace jami'a ce za ta shawo kan yaran sakandaren da suka fi ƙarfi da gudu a kowace shekara.

An buga wasan farko tsakanin jami'o'i a 1869, Rutgers da Princeton. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta samo asali a 1906, bayan mace-macen da aka yi a filaye a 1905 har Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki. Aƙidarta tun farko ita ce ɗalibi ya yi wasa don sha'awa, kada a biya shi. Amma da Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahotonta a 1929, cikin makarantu 112 da ta bincika 28 kaɗai ta samu ba sa tallafa wa 'yan wasa ta bayan fage. Tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar gari ne ke haɗa kuɗin, a ba yaro aikin da suna kawai yake da shi, a riƙa biyansa. A 1948 NCAA ta kafa doka mai tsauri don hana wannan, shekara uku kacal ta yi aka soke ta. Sai a 1956 aka yarda da tallafin karatu a fili: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai, da dala 15 a wata na wanki. Nan aka ja layi, aka ce duk abin da ya haura haka laifi ne. A daidai wannan lokaci ne matar wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison, wanda ya rasu a 1955 sakamakon bugun da ya sha a kai a filin wasa, ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar Colorado ta hana ta.

Layin bai hana kuɗi tafiya ba, ƙarƙashin tebur ya mayar da su. Mafi shaharar misali shi ne Jami'ar SMU da ke Dallas a jihar Texas. A farkon shekarun 1980 ƙungiyarta ta yi tashe sosai, kuma attajiran mai da na gidaje ne ke zuba kuɗi a wani asusun ɓoye da ake biyan 'yan wasa daga ciki. An kama su, an gargaɗe su, suka ci gaba. A 1987 NCAA ta gano an biya 'yan wasa 13 kimanin dala 61,000 a lokacin da makarantar ke ƙarƙashin hukunci, sai ta soke musu kakar wasa gaba ɗaya. Shekarar da ta biyo baya ma ba su iya haɗa ƙungiya ba. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne fitowar gwamnan Texas mai ci, Bill Clements, yana amsa cewa lokacin da yake shugaban hukumar gudanarwar jami'ar ya amince a ci gaba da biyan, wai don an riga an yi wa yaran alkawari. SMU ta shafe shekara ashirin a kwance, sau ɗaya tak ta gama kaka da nasarori fiye da rashin nasara kafin 2009.

Labarin da ya fi ci mini rai shi ne na Albert Means, wani ƙaton yaro daga birnin Memphis da ya sa hannu wa Jami'ar Alabama a 2000. Kocinsa na sakandare, Lynn Lang, ya amsa a kotu cewa ya karɓi dala 150,000 daga wani attajirin magoyin bayan Alabama mai suna Logan Young don ya karkata yaron zuwa can. An yi cinikinsa kamar sa a kara, shi kuwa yana ganin shawarar malaminsa yake bi. A tsarin ɓoye, mai shiga tsakani ne ke kwashe romon. Idan asiri ya tonu kuma, sunan yaro ne ke ɓaci. Reggie Bush ya mayar da kambun Heisman na 2005, wanda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, a shekarar 2010 saboda alherin da shi da iyalinsa suka karɓa daga masu neman zama wakilansa, bai sake riƙe shi ba sai 2024. Yawancin waɗannan yara baƙaƙen fata ne, da dama daga gidajen da kuɗin haya ke gagara, kuma sai a 1970 baƙar fata na farko ya shiga ƙungiyar zari-ruga ta Alabama da tallafin karatu.

Su kuma talakawan magoya baya, waɗanda ba su da asusun ɓoye, da baki suke shiga harkar. Tun ƙarshen shekarun 1970 mutane irin su Tom Lemming ke zaga ƙasa da mota suna kallon yara, suna buga 'yan mujallu da ake saye ta gidan waya. Daga baya aka samu layukan tarho na biya, ka kira ka ji wane yaro ya ziyarci wace jami'a. Intanet ce ta mayar da abin sana'a. An kafa shafin Rivals mai bibiyar zawarcin 'yan wasa a 1998, kamfanin Yahoo ya saye shi a 2007 kan kusan dala miliyan 100, 247Sports ya biyo baya a 2010, sai On3 a 2021. Su ne suka yaɗa tsarin taurari, inda ake auna yaro ɗan shekara 16 a ce tauraro uku ne ko huɗu. Masu biyar ba sa wuce talatin da 'yan kai a shekara a duk faɗin ƙasar. Magidanci zai biya kuɗin wata-wata don ya san inda zuciyar ɗan wani ta karkata, ya kwana yana musu da abokan hamayya kan hoton da yaron ya saka ko kalar safar hannun da ya sa a wasan Juma'a. Laraba ta farko a watan Fabrairu, wadda a lokacin ita ce babbar ranar da yara ke sa hannu wa jami'o'i, ta zama ranar biki: yaro ya zauna gaban kyamara, an jera masa hulunan hana-sallah na jami'o'i uku, ya ɗauki ɗaya ya kifa a kai. A 2008 wani yaro a ƙaramin garin Fernley na jihar Nevada ya tara makarantarsu a ɗakin wasanni, ya zaɓi hular California ya bar ta Oregon, sai daga baya aka gano babu wadda ta neme shi cikin biyun. Nauyin tsammanin mutane ne ya kai shi ga haka.

Akwai alheri a wannan hira, ban musa ba. Ta haɗa mutanen da nisa ya raba da garuruwansu, ta kuma sa an gano yaran ƙauyen da da ba wanda zai ji sunansu. Amma duk yaron da ya sauya ra'ayi bayan ya furta alkawari, ya san irin zagin da zai tarar a wayarsa daga manyan da suka haife shi.

Kotu ce ta rushe tsohon tsarin, sannu a hankali. Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwando na UCLA, ya shigar da ƙara a 2009 bayan ya ga siffarsa a wasan bidiyo ba a biya shi ko sisi ba, ya yi nasara a 2014. Jihar California ta yi dokar da ta ba 'yan wasa damar cin moriyar sunansu a 2019. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara duka suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, daga 1 ga Yuli kuma aka buɗe wa ɗalibai ƙofar karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL. A shekarar ce aka cire sharaɗin zaman benci na shekara guda ga wanda ya sauya jami'a karon farko, sharaɗin da bai taɓa hawa kan koci ba. Koci Brian Kelly ya bar Jami'ar Notre Dame a Nuwamban 2021 ya karɓi kwangilar dala miliyan 95 a jami'ar LSU, nan take ya kama aiki.

Asusun ɓoye na da sai ya fito fili ya yi rijista, ya buɗe ofis, har yana karɓar gudummawar wata-wata daga magoya baya na gama-gari. Mai musu a da ya zama mai zuba jari, shi ya sa fushinsa ya ƙaru idan yaro ya tafi. Alkawuran kuwa ba duka ake cikawa ba. Jaden Rashada ya janye daga Miami ya rungumi Florida a ƙarshen 2022 bisa yarjejeniyar dala miliyan 13.85, aka warware ta cikin makonni, ya kai ƙara a 2024.

A ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken, wadda ta yanke hukuncin O'Bannon, ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka shigar a kan NCAA. Za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kowace jami'a kuma tana iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko daga aljihunta. Duk wata yarjejeniya da ɗan wasa ya yi da wani daga waje, in ta kai dala 600, sai an kai ta an tantance. Wannan ci gaba ne na gaske, na kuma yi farin ciki da shi. Sai dai har yanzu ba a ɗauke su a matsayin ma'aikata ba, don haka ba su da ƙungiyar ƙwadago da za ta zauna ta yi ciniki a madadinsu. A NFL ƙungiyar 'yan wasa ce ke tantance wakilai, ta kuma ƙayyade ladansu kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na kwangila. Yaron sakandare ba shi da wannan kariya, wanda ya fara isa gidansu da daɗin baki shi ke zama wakilinsa. Cikin waɗanda suka samu shiga jami'ar ma, ƙasa da kashi 2 cikin ɗari ne NFL ke ɗauka.