Waiwaye: Tsuntsun da ya ci sunan Ibadan

A shekarar 1958 ne John Elgood, wani Baturen Ingila mai koyar da ilimin dabbobi a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ibadan, ya sanar da masana cewa akwai wani ɗan tsuntsu a kurmin yankin wanda ba a taɓa rubuta shi a littafi ba. Ya raɗa masa suna Malimbus ibadanensis, wato malimben Ibadan. Baƙi ne wuluk, sai jan launi kamar garwashi a kai da ƙirji. Jan macen bai kai na namijin faɗi ba.

Danginsa ba baƙi ba ne a wurinmu. Gidansu ɗaya da jan-baki, wanda ke sauka kamar hadari a gonakin shinkafa da gero na Haɗeja da Yobe. Sai dai shi jan-baki miliyoyi ne, shi kuwa malimbe a kudu maso yammacin Najeriya kaɗai Allah ya ajiye shi, ba a samunsa ko'ina a duniya. Ƙwari yake ci, yana haɗawa da 'ya'yan kwakwar manja, ya saƙa sheƙarsa tana reto a can ƙololuwar dogayen bishiyoyi irin su rimi, ƙofarta na kallon ƙasa.

To, bishiyoyin ne suka yi ta faɗuwa. Noman koko ya ci kurmi, masu katako suka ɗebi nasu, birnin da tsuntsun ya ci sunansa ya haɗiye abin da ya rage. Aka shafe shekaru ba wanda ya sa shi a ido, sai a 1987 aka sake ganinsa a harabar cibiyar binciken aikin gona ta IITA, inda aka killace wani yanki na kurmi aka hana sara. Abin mamaki, cibiyar da aka kafa domin rogo da masara ita ce ta zame masa mafaka.

Binciken da Shiiwua Manu da abokan aikinsa suka gudanar tsakanin 1999 da 2002 ya ƙiyasta cewa kimanin 2,500 ne suka rage, a warwatse cikin guntayen kurmin da gonaki suka yi wa ƙawanya. A 2006 an gano wasu a gandun dajin Ifon da ke jihar Ondo. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.