Dokar Turai kan ruwan ƙazanta: a cire naitirojin, a kuma rage shan wuta

Ranar 1 ga Janairun 2025 sabuwar dokar Tarayyar Turai kan ruwan ƙazantar birane, mai lamba 2024/3019, ta fara aiki. Ita za ta gaji ta 1991, kuma an ba ƙasashe zuwa 31 ga Yulin 2027 su shigar da ita cikin dokokinsu.

Cikin abubuwan da ta sa wa ido akwai sinadarin naitirojin, wanda akasarinsa daga fitsari yake. In ya kwarara cikin tafki ko teku, taki ne: gansakuka ta yi ta yaɗo, ta ruɓe, ta shanye iskar ruwan, kifi ya mutu. Tekun Baltik da ke arewacin Turai ya daɗe yana fama da haka.

Matatar da ke karɓar ƙazantar mutum 150,000 zuwa sama, nan da ƙarshen 2039 kada ruwan da take saki ya wuce miligiram 8 na naitirojin a lita, ko ta cire kashi 80 cikin ɗari. Masu karɓar ta mutum 10,000 zuwa sama da ke zubarwa inda gansakuka ke barazana, miligiram 10 ne, wa'adinsu 2045.

Ga inda gizo ke saƙar: a 2045 ɗin dai, ana so matatun kowace ƙasa, a jimlace, su samar da makamashi mai sabuntawa daidai da abin da suke sha. Alhali hanyar cire naitirojin da aka saba, shan wuta gare ta. Sai an yi ta hura iska cikin tankuna, ruwa na ta ɓulɓula dare da rana, kafin wasu bakteriya su mayar da amoniya, wato sifar da naitirojin ke zuwa da ita cikin ƙazanta, ta koma naitiret. Sannan wasu, a tankin da babu iska, su mayar da shi iskar naitirojin ta tashi sama. Waɗannan har abinci ake saya musu, wato metanol. Hura iskar nan kan lashe kusan rabin wutar matata.

Dokar ba ta ce ga fasahar da za a bi ba, sakamako kawai ta gindaya, kuma a ganina ta yi daidai. Amma lissafin ya sa ido ya koma kan anamoks, wasu jajayen bakteriya da aka gano a Delft ta ƙasar Holan. Su haɗa amoniya suke da naitirait, wato matakin da amoniya ke bi kafin ta zama naitiret, su saki iskar naitirojin kai tsaye: ba metanol, buƙatar iska kuma ta ragu da kusan kashi 60.

Sai dai nawa gare su. Sukan yi kusan mako biyu kafin su ninka, ga rashin son sanyi. Babban tankinsu na farko, wanda aka kunna a birnin Rotadam na Holan a 2002, sai da ya haura shekara uku kafin ya kankama. Har yanzu inda suka fi aiki shi ne ruwa mai ɗumi da ake tatsowa daga lakar ƙazantar matata, ba ruwan kwatar gari na lokacin hunturu ba.